Jan nama, kaza, kifi ko wake: wa ya kamata ya ci wanne?

A ce mutum biyu ne zaune gaban faranti ɗaya na naman sa. Ɗaya magidanci ne ɗan shekara 55, ya ajiye tumbi, likita ya riga ya ja masa kunne a kan hawan jini da suga. Ɗayar matashiya ce mai ciki wata shida, da ta miƙe tsaye sai jiri ya ɗebe ta, an auna jininta an ce ya yi ƙasa. Naman ɗaya ne, amma aikin da zai yi a jikin kowannensu daban. Shi ya sa in na ji ana gardama, wani na cewa jan nama guba ne, wani na cewa shi ne sarkin abinci, nakan so a fara da tambayoyi huɗu: jikin wa, wane irin nama, nawa zai ci, kuma in ya bari da me zai maye gurbinsa?

Abin da masana abinci ke nufi da jan nama shi ne tsokar dabbobi masu shayarwa: sa, rago, akuya, raƙumi, doki, alade. Jan da ke jikinsa daga wani sinadari ne mai suna mayogulobin, wanda ke riƙe wa tsoka iskar da muke shaƙa, kuma akwai ƙarfe a cikinsa. Hasali ma jan ruwan nan da ke tsatsowa daga yankakken nama galibinsa ruwa ne da mayogulobin, ba jini ba. Kaza da sauran tsuntsaye su ne farin nama. Sai kuma rukuni na uku da ake yawan cakuɗa shi da na farko: naman da aka sarrafa don ya jima bai lalace ba, ta hanyar zuba masa gishiri mai yawa, ko kyafe shi da hayaƙi, ko sa masa sinadaran adanawa, irin su sosej da naman gwangwani. Ka riƙe wannan bambancin, domin rabin ruɗanin da ake yi a kan nama daga nan yake.

Abin da ke cikin giram 100

Ta fuskar furotin, wato sinadarin gina jiki, jan nama ba shi da wani fifiko a kan 'yan'uwansa. Dafaffiyar tsokar sa giram 100 tana ba da furotin kimanin giram 26. Ƙirjin kaza ya ɗan fi haka, wajen giram 30. Kifi yana tsakanin 20 da 25. Dafaffen wake kuwa bai wuce giram 8 ba, ƙwai ɗaya giram 6. Baligi mai nauyin kilo 70 yana buƙatar kusan giram 56 a yini. To in furotin kaɗai kake nema, kaza da kifi sun biya maka buƙata, wake ma zai biya in ka ci da yawa kuma ka haɗa shi da hatsi, tunda abin da wake ya gaza a kai hatsi na da shi.

Inda jan nama ya yi zarra shi ne sinadarin ƙarfe, kuma a nan ya kamata mu ɗan daɗe. In aka dubi lamba kawai, naman sa giram 100 na da ƙarfe miligiram 2.5 zuwa 3, dafaffen wake na da 2 da ɗan wani abu, ƙirjin kaza kimanin 1. Mai karatu zai ce ashe wake da nama ɗanjuma ne da ɗanjummai. Ba haka ba ne. Ƙarfen da ke cikin abinci iri biyu ne. Akwai wanda ke zuwa a naɗe cikin wani sinadari da ake kira him, wanda nama da kifi kaɗai ke da shi, kuma hanji na iya tsotse kashi 15 zuwa 35 cikin 100 nasa. Akwai kuma na tsirrai, wanda abin da jiki ke samu daga gare shi ke yawo tsakanin kashi 2 da 20, gwargwadon abin da aka ci tare da shi. Ƙwayar wake da ta hatsi suna ɗauke da wani sinadari, faitet, da ke ɗaure ƙarfen ya hana shi shiga jini. Shayi ma haka yake yi, kofi ma haka. Shi ya sa hukumomin lafiya a Amurka suka ce wanda ba ya cin nama sam yana buƙatar ƙarfe ninki 1.8 na mai ci.

Wannan bambancin ba ƙarami ba ne ga mace. Namiji baligi miligiram 8 ya ishe shi a yini. Mace mai ganin al'ada tana buƙatar 18, mai ciki kuwa 27. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2019 sun nuna kusan kashi 30 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna fama da ƙarancin jini, masu ciki kashi 37, yara 'yan wata 6 zuwa 59 kuma kashi 40. Ba duka ne rashin ƙarfe ke jawowa ba, amma shi ne kan gaba. Duk mai wa'azin a bar jan nama kwata-kwata bai ambaci waɗannan mutane ba, ya yi tuya ya manta da albasa.

Mai dogaro da wake yana da dabara. Jiƙa wake kafin dafawa na rage faitet. Cin sa tare da abu mai bitamin C, kamar lemo, tumatir ko tattasai, na ƙara yawan ƙarfen da jiki ke ɗauka sosai. A jinkirta shayi da awa ɗaya bayan cin abinci. Akwai kuma wani abin mamaki: ɗan nama kaɗan a cikin tukunyar wake yana taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen waken kansa. Wato 'yan yanka biyu a cikin miya suna yin aikin da ya fi girmansu.

Sai bitamin B12, wanda jijiyoyi da ɓargo ba sa aiki daidai sai da shi. Baligi na buƙatar maikirogiram 2.4 a yini, kuma naman sa giram 100 kusan ya cika wannan. Ƙirjin kaza ɗan mitsitsi yake da shi, wajen 0.3. Kifin sadin ya ninka naman sa sau uku. Tsirrai kuwa ba a dogara da su ko kaɗan. Wanda ya bar nama da kifi da ƙwai da madara dole ya sha ƙwayar B12, in ba haka ba wata rana zai fara jin kasala, mantuwa da tsikarin tafin ƙafa, kuma lahanin da ya taɓa jijiya ba kullum yake gyaruwa ba. A sinadarin zinki ma jan nama ne gaba: miligiram 5 zuwa 6 a giram 100, alhali ƙirjin kaza 1 ne, buƙatar namiji 11, ta mace 8.

Abin da nama ba shi da shi ko ƙwayar zarra shi ne faiba, wato dusar abinci da ke sa hanji ya yi aikinsa. Ja ne ko fari, kifi ne ko kaza, babu. Dafaffen wake giram 100 na da 6 zuwa 7, kuma baligi na buƙatar aƙalla giram 25 a yini. Kifi mai maiƙo, irin su sadin da salmon, shi kuma yana da kitsen omega-3 da bitamin D waɗanda sauran ba su kama ƙafarsa ba.

Maganar kansa

A watan Oktoban 2015 ne cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, IARC, da ke birnin Liyon na Faransa, ta tara masana 22 daga ƙasashe 10 suka duba bincike sama da 800. Hukuncinsu: naman da aka sarrafa yana rukuni na 1, wato an tabbatar yana jawo kansa, jan nama tsurarsa kuma yana rukuni na 2A, wato akwai yiwuwa mai ƙarfi amma hujjar ba ta kai ta yanke hukunci ba. Kansar da aka fi magana a kai ita ce ta babban hanji da dubura.

Jaridu suka ɗauka suka ce sosej da taba sigari duk kanwar ja ce, tunda rukuninsu ɗaya. Wannan karatun kuskure ne. Rukunin yana nuna ƙarfin hujja ne, ba girman haɗari ba. Cibiyar da kanta ta kawo ƙiyasin cewa yawan cin sarrafaffen nama na da hannu a mutuwar mutum kimanin 34,000 a shekara ta hanyar kansa a duniya, taba kuwa kusan miliyan ɗaya, giya 600,000.

Lambar da aka fi yaɗawa ita ce kashi 18 cikin 100: duk giram 50 na sarrafaffen nama da mutum ke ci kullum yana ƙara haɗarin kansar hanji da wannan adadi. Ga jan nama tsurarsa, kashi 17 ne a kan kowane giram 100 a kullum. Ma'anarta ita ce, in a cikin mutum 100 biyar ne za su kamu a tsawon rayuwarsu, to a cikin masu wannan ci kullum za su zama kusan shida. Ga mutum ɗaya ƙari ne kaɗan. Ga ƙasa mai mutum miliyan ɗari, gadajen asibiti ne masu yawa. Ka kuma lura cewa rabin nauyi na sarrafaffe ya yi ɓarnar da cikakken nauyi na tsurar yanka ke yi.

Dalilan da ake dangantawa da wannan uku ne. Sinadarin naitirait da ake sa wa nama don ya riƙe launinsa kuma kada ƙwayoyin cuta su yi girma a ciki yana iya rikiɗa ya zama wasu sinadarai masu lahanta bangon hanji. Ƙarfen him ɗin nan da muka yaba ɗazu shi ma yana taimakawa wajen samar da irin waɗannan sinadarai a hanji, abin da ke warkar da wancan shi ke ƙaiƙayin wannan. Na uku kuma wuta ce, za mu zo kanta.

Zuciya da suga

Kitsen dabba mai daskarewa yana ɗaga kolastarol mai toshe hanyoyin jini, wanda likitoci ke kira LDL. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci, kimanin giram 22 ke nan ga mai cin kalori 2,000. Naman rago da kitsensa giram 100 zai iya cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na wannan rabo. Tsokar sa da aka yanke wa kitse giram 2 zuwa 3 take da shi, ƙirjin kaza marar fata kimanin 1.

A nan akwai labarin da masu komawa kaza ba za su so ji ba. A 2019 an wallafa wani gwaji da aka yi a Kalifoniya, inda aka ciyar da mutane ɗari da 'yan kai jan nama na wasu makonni, sannan farin nama, sannan furotin na tsirrai, ana daidaita yawan kitsen. Jan nama da fari suka ɗaga kolastarol kusan daidai da juna, na tsirrai ne kaɗai ya fita daban. Abin da ya fi tasiri shi ne yawan kitse mai daskarewa a abincin gaba ɗaya. Saboda haka wanda ya bar tsokar sa ya koma soyayyiyar kaza da fatarta, ya gudu daga gara ya faɗa gidan zago.

Ciwon suga ma ya shigo lissafi. Masu bincike na Jami'ar Harvard sun bi mutum sama da 216,000 har tsawon shekara 36, suka wallafa a 2023 cewa waɗanda suka fi kowa cin jan nama haɗarin kamuwarsu da suga nau'i na biyu ya ɗara na masu ci kaɗan da kashi 62 cikin 100. A 2024 wani nazari da Jami'ar Cambridge ta jagoranta, wanda ya haɗa mutum kusan miliyan biyu daga ƙasashe 20, ya samu lambobin da ba su kai haka zafi ba: ƙarin kashi 15 ga giram 50 na sarrafaffe a kullum, kashi 10 ga giram 100 na jan nama tsurarsa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a binciken Harvard shi ne lissafin musanya: wanda ya cire kason jan nama ɗaya a yini ya sa wake ko gyaɗa da dangoginsu, haɗarinsa ya ragu da kashi 30. In ya cike gurbin da farin burodi da lemon kwalba, kada ya sa ran komai.

Dole a faɗi raunin irin wannan bincike. Ba wanda zai iya kulle mutum dubu ɗari shekara talatin yana auna musu abinci, sai dai a tambaye su me suke ci a jira a ga abin da zai same su. Masu yawan cin nama kuma sau da yawa su ne masu shan taba, masu ƙiba, marasa motsa jiki da cin ganye. Ana ƙoƙarin cire tasirin waɗannan da lissafi, amma ba ya fita tas. A kan haka ne wani ayarin masana ya fito a 2019 ya ce hujjar ba ta da ƙarfin da za a ce wa mutane su rage, aka yi ta cacar baki a kai. Ni dai ra'ayina, in bincike da yawa a ƙasashe daban-daban suna nuna hanya ɗaya, kuma ragewa ba ta cutar da mai cin da yawa da komai, hankali ya ce a rage. Amma hujjar da ke kan sarrafaffen nama ta fi ta tsurar yanka ƙarfi nesa ba kusa ba, ga shi kuma maƙare da gishiri, abin da mai hawan jini ke gudu, tunda gishirin yini gaba ɗaya bai kamata ya kai giram 5 ba.

Jan naman ma suna suka tara

Akuya ta fi sauran ƙarancin kitse: gasasshen namanta giram 100 kitsensa wajen giram 3 ne, ƙarfensa kuma ya haura miligiram 3.5. Rago ya fi kowa maiƙo. Sa yana tsakiya, ya danganta da inda aka yanko, cinya ba ɗaya take da haƙarƙari ko tozo ba. Niƙaƙƙen nama shi ne ba ka ganin abin da ke ciki, wani kashi ɗaya cikin biyar nasa kitse ne.

Hanta duniya ce guda. Ƙarfenta ya ninka na tsoka, B12 ɗinta kuwa ya ninka buƙatar yini sau ashirin ko fiye. Amma bitamin A ɗin da ke cikin giram 100 na hantar sa ya haura maikirogiram 7,000, alhali iyakar da aka ɗiba wa baligi a yini 3,000 ce, kuma yawansa na iya lahanta ɗan tayi. Don haka ne hukumar lafiya ta Birtaniya ke ce wa masu ciki su ƙaurace mata. Matashiyar nan tamu tsoka za ta ci, hanta sai bayan ta sauka.

Sai wuta. Naman da aka dafa da ruwa zafinsa ba ya wuce digiri 100. Da zarar an kai shi sama da digiri 150, a kasko ko a kan garwashi, wasu sinadarai masu lahanta ƙwayoyin halitta na fara samuwa a bayansa, musamman wurin da ya yi baƙi. In kitse ya ɗiga a wuta, hayaƙin da ya taso ya manne wa naman da wasu irinsu. Wannan bai bar kaza da kifi ba. Mai son gashi sai ya rage kitsen tun farko, ya jiƙa naman cikin ruwan lemon tsami da tafarnuwa da kayan ƙamshi, ya nisanta shi da harshen wuta, ya riƙa juyawa, ya yanke inda ya ƙone ya yar. Gudun ƙuna kuma kada ya sa a ci ɗanye: tsakiyar yanka ya kai digiri 63, niƙaƙƙe 71, kaza 74. Niƙaƙƙe ya fi buƙatar wuta ne saboda niƙa na tura ƙwayoyin cutar da ke saman nama zuwa cikinsa.

To wa zai ci wanne?

Ma'aunin da na fi gamsuwa da shi shi ne na Asusun Binciken Kansa na Duniya: dafaffen jan nama giram 350 zuwa 500 a mako, kamar ci uku ke nan, sarrafaffe kuma kaɗan ƙwarai ko babu. Dafaffe giram 500 ɗin, ɗanyensa zai kai giram 700 zuwa 750 tunda nama na ƙanƙancewa a wuta. In ba ka da sikeli, yanka mai faɗi da kaurin tafin hannunka ban da yatsu kusan giram 100 ne. Birtaniya ta sa nata ma'aunin a kan yini: mai cin fiye da giram 90 ya sauko zuwa 70.

Mace mai ciki ko mai zubar jini da yawa lokacin al'ada, da yaron da ya wuce wata shida wanda ƙarfen da aka haife shi da shi ya fara ƙarewa, da tsohon da cinsa ya ragu tsokarsa na zubewa, waɗannan jan nama sau biyu ko uku a mako alheri ne a gare su, kuma kaza ba za ta tsaya a madadinsa ba. In nama ya yi wuya, sadin da ƙwai da wake da lemo su ne mafi kusa. Mai cikin dai ba za ta bar ƙwayar ƙarin jinin da aka ba ta a asibiti ba, domin miligiram 27 ba abin da faranti zai cika cikin sauƙi ba ne.

Magidancin nan mai tumbi kuwa ba ƙarfe yake nema ba, yana da isasshe. Shi kifi sau biyu a mako, wake kusan kullum, kaza marar fata, jan nama sau ɗaya ko biyu na tsoka zalla, sarrafaffe kuma sai dai in ya gan shi a hanya. Mai ciwon gawut, wanda ke kumbura babban yatsan ƙafa cikin dare, jan nama da kayan ciki na tayar masa da shi, sadin ma haka, don haka nasa zaɓin ya fi karkata ga ƙwai da madara da wake. Mai ciwon ƙoda kuma yawan furotin ɗinsa gaba ɗaya likita ne zai ƙayyade.

Akwai wuri ɗaya da ƙara cin nama ke zama kuskure mai tsada. In namiji baligi, ko macen da ta daina al'ada, aka auna aka ce ƙarfen jininsu ya yi ƙasa, kada a ce ai sai a ƙara hanta da tsoka. Irin waɗannan ba sa rasa ƙarfe haka kawai. Sau da yawa jini ne ke tsiyaya a ciki ko hanji ba a gani, daga gyambon ciki, ko tsutsa, ko tsiron da ke iya zama kansa. Sai an duba bayan gida, in ta kama a sa na'ura a leƙa hanjin. A Amurka tun 2021 aka sauko da shekarun fara gwajin kansar hanji daga 50 zuwa 45, ko da mutum ba ya jin ciwon komai.